Rumfar da Ta Ƙi Kaiwa

BABA WAHID: Halo? Halo? Salamu alaikum.

SATI: Yawwa, na gode wa Allah da ka ɗauka! Baba Wahid, ni ne, Sati.

BABA WAHID: Wane Satin? Na Jos, mai gyaran jiragen ruwa?

SATI: Sati nawa ka sani a Dubai, Baba?

BABA WAHID: Ei, Sati ɗana! Barka da Juma'a. Ina wuni?

SATI: Lafiya lau. Baba, wata 'yar magana ce...

BABA WAHID: Ina gajiya?

SATI: Ba gajiya. Rumfar nan da ka ɗinka...

BABA WAHID: Yaya zafi? Yau rana ta fito da fushi paa.

SATI: Lokacinsa ne. Baba, don Allah...

BABA WAHID: Mutanen ɗakinku fa? Edwin ya rabu da tarin nan?

SATI: Ya rabu da shi, ya koma aiki ma.

BABA WAHID: Madalla. Matarka fa, Sabina, kana jin ta? Maganar bizarta ta motsa?

SATI: Tana nan Jos tana jira. An ce sai kamfani ya sabunta tawa wata mai zuwa, sannan in nemi tata. Abin da ya sa ma na kira ke nan, don in abin nan ya...

BABA WAHID: To, Allah ya kawo ta lafiya. Ni kuma ba za ka tambayi nawa ba? Ko a cocinku an daina gaisuwa?

SATI: Yau ko cocin da muke yi ran Juma'a a nan ban samu zuwa ba. Yi haƙuri, Baba. Yaya mutanen Kumasi? Yaya 'yarka Faridatu?

BABA WAHID: Alhamdu lillahi, duk Zongo lafiya. Faridatu jiya ma mun yi magana da ita. To, yanzu faɗi. Muryarka kamar ta wanda kare ya biyo.

SATI: Rumfar ta ƙi kaiwa.

BABA WAHID: Me? Iska na busa wayarka, fuu fuu kawai nake ji. Kana ina ne?

SATI: Ina marina, tashar ƙananan jiragen ruwa, a kan jirgin Balaraben nan, farin nan mai shuɗin layi. Bari in duƙa. Kana ji na yanzu?

BABA WAHID: Yanzu ina ji.

SATI: Na ce rumfar tamfol da ka ɗinka wa jirgin nan ta ƙi kaiwa. Na zura sandunanta, na ɗaure ta baya, na jawo ta gaba zan danna maɓallanta a jikin firam ɗin gilashi, sai ta tsaya a hanya.

BABA WAHID: Ba dai ɗinkina ba. Ka juya ta ne, baya ta koma gaba.

SATI: Ban juya ba, Baba. Na sauke na sake ɗaurawa, na kuma saukewa.

BABA WAHID: To ni awon da ka kawo mini shi na yanka. Kai ka je da tef, kai ka auna.

SATI: Awon daidai yake. Wato, a ranar daidai yake.

BABA WAHID: A ranar? Jirgin ne ya ƙara girma bayan ka tafi?

SATI: Saurara mana. Da safe na zo, na dafa firam ɗin gilashin zan haye, sai ya biyo hannuna. Lakwai-lakwai yake, kamar haƙorin yaro da zai faɗi. Na leƙa gindinsa, ramukan notin da ke riƙe shi a jikin jirgi duk sun cinye. Ka san me na tarar an cusa a ciki?

BABA WAHID: Me?

SATI: Tsinken ashana!

BABA WAHID: Ha! Wannan ɗan gida ne ya taɓa gyara shi.

SATI: Ko wane ne, gyaran ƙofar ɗakinsu ya yi wa jirgin teku. Ruwan gishiri ya ruɓar da su, sun zama kamar kunu. Sai na kwance firam ɗin gaba ɗaya, na ƙwaƙule ramukan, na cika su da gam mai ƙarfi, na zauna ina gadinsa har ya bushe. Na sake hudawa har can ƙasa, na zura dogayen noti waɗanda ba sa tsatsa, na sa farantin ƙarfe ta ciki na ɗaure tamau. Yanzu ko rataya ka yi a kai ba ya motsi.

BABA WAHID: To ai ka yi aikin kirki. Ina matsalar?

SATI: Da can langaɓewa ya yi, ya kwanto baya. A haka na auna shi ban sani ba. Yanzu ya miƙe tsaye, bakinsa na sama ya matsa gaba, rumfa ta kasa cim masa.

BABA WAHID: Hehehe... ei, Sati... hehehe...

SATI: Baba, dariya kake yi?

BABA WAHID: Yi haƙuri. Amma ko telan ƙauye, kafin ya sa wa mutum tef sai ya ce masa, Malam, miƙe tsaye. Kai ka je ka auna mai doro, ka dawo ka warkar da shi, kana mamakin riga ta ɗage.

SATI: Ka gama? Arbab, wato maigida mai jirgin, yana zuwa bayan la'asar da 'ya'yansa, za su fita teku. Sau biyu muna ɗaga masa rana. Jiya manaja ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce in Balaraben nan ya sake buga masa waya da ƙorafi, khalas, shi ke nan, in manta da sabunta biza. Ka ji abin da nake ciki?

BABA WAHID: Subhanallahi. Na ji. Da yawa ta rage?

SATI: Da yawa! Kusan taƙi biyu.

BABA WAHID: Taƙi biyu? Kai, wannan ba kyau.

SATI: Shi ya sa. Baba, taimake ni, ɗauko ƙaramin keken ɗinkinka na gida, ka tari tasi, ni zan ji da direban. Ka zo mu ƙara mata ƙyalle a tsakiya.

BABA WAHID: Wane ƙyallen? Shuɗin nan ya ƙare, ɗan guntun da ya rage manaja ya kulle a sito, ya tafi da makulli.

SATI: Ko wani launi ne, mu sa shi kamar ado.

BABA WAHID: Gidaɗo! A'a, kar ka ɗora buhun nan a kansa! Wannan kwalin a sama zai zauna, akwai ƙarfe a ciki!

SATI: Halo? Da wa kake magana?

BABA WAHID: Da Gidaɗo mai kago, mai aika wa mutane kaya gida. Shwaiya shwaiya, a hankali mana, habibi, ba duwatsu ba ne!

SATI: Mai kago? Kana ina ne, Baba? Me ke kiii-kiii haka a bayanka?

BABA WAHID: Salatif ne, ana naɗe kwali. Ina kasuwar Murshid Bazar. Daga masallaci na biyo, Gidaɗo ya buɗe mini shago don ni kaɗai.

SATI: To ka bar saƙon mutane ka koma gida Muraƙƙabat ka ɗauko keken, ai ba nisa.

BABA WAHID: Keken ne a cikin kwalin, Sati.

SATI: Ban gane ba.

BABA WAHID: Keken ne ake naɗewa. Zai bi kwantena ta ruwa zuwa tashar Tema. Ni kuma gobe da safe zan bi jirgin sama.

SATI: Gobe? Baba, gobe fa ka ce? Manaja cewa ya yi hutu ka ɗauka!

BABA WAHID: Hutu ne mana. Dogo.

SATI: Korar ka ya yi? Saboda maganar yadin nan?

BABA WAHID: Bai kore ni ba, ban kuma roƙe shi ba. Ya ce ina masa ɓarnar yadi, na ce to. Ya ce akwai yara masu yanka da na'ura daidai wa daida, na ce Allah ya ba da sa'a. Rumfar nan da ke hannunka ita ce aikina na ƙarshe. Har katin shiga marina na miƙa musu. Ko na zo, a bakin get za a tsayar da ni.

SATI: Kuma ba ka gaya mini ba.

BABA WAHID: Da daddare na so in leƙo ɗakinku in yi muku sallama. Bar wannan yanzu. Rana na tafiya.

SATI: Wayyo Allah. Na shiga uku. Ka ga abin haushin? Kullum kana barin ƙari a cikin kalmasa, kullum manaja yana ihu. Yau da nake neman ƙarin nan kamar ruwa, babu.

BABA WAHID: Wa ya ce in yanka daidai?

SATI: Ni ne. Na ce, Baba, wannan karon don Allah yanka daidai, kar mutumin nan ya sake tara mana jama'a. Don kai na faɗa.

BABA WAHID: Na sani. Har da cewa jirgi ba yaro ba ne, ba zai girma ba. Duk shago aka yi dariya.

SATI: Wasa nake yi!

BABA WAHID: Ni ma ai na yi dariyar.

SATI: Na duba bakin gaba ɗazu, na matsa kalmasar da yatsa, ba komai a ciki. Ka ji maganata sarai.

BABA WAHID: A gaban dai na ji.

SATI: Me ka ce? Wani ya wuce da babur ɗin ruwa, ƙara ta cika mini kunne. Halo?

BABA WAHID: Na ce me kake yi yanzu? Ina jin kana nishi.

SATI: Ja nake yi. Na sa gwiwa a kujera, in na ja da ƙarfi wataƙila... aish! Yesu!

BABA WAHID: Me ya faru?

SATI: Maɓalli ɗaya ya yanke ni a babban yatsa. Ba komai.

BABA WAHID: Sake ta! Sake ta na ce! Tamfol ɗin nan ba roba ba ne. Ko maɓallan su tsinke, ko gilashin ya tsage, sannan ka san ka shiga uku na gaske.

SATI: To me zan yi? Gaya mini! In zauna in naɗe hannu har ya iso?

BABA WAHID: Ka tsotse jinin tukuna, kar ya ɗiga a kujerar mutane.

SATI: Baba... akwai wata hanya.

BABA WAHID: Ina ji.

SATI: In na sassauta notin nan na gefe da gefe, ba duka ba, kaɗan, firam ɗin zai ɗan kwanto baya yadda yake da. Rumfa ta zauna, arbab ya gani ya ji daɗi. Gobe da sassafe in dawo in ɗaure.

BABA WAHID: Gobe.

SATI: Da sassafe, kafin kowa ya zo.

BABA WAHID: Ba yau ka ce za su fita teku ba?

SATI: Ai da ma a haka yake yawo da shi, ba abin da ya faru.

BABA WAHID: Da akwai rumfa a kai?

SATI: ...Babu.

BABA WAHID: To. Ni tela ne, kai ne mai gyaran jirgi. Gaya mini, in ya taka inji, iska ta shiga ƙarƙashin tamfol ɗin nan ta cika shi, wa za ta ja?

SATI: Firam.

BABA WAHID: Wa ke zama bayan gilashin?

SATI: Na sani, Baba! Na sani! Ga rigunan ruwansu nan a gabana, ƙanana-ƙanana, har da wani ɗan silifa ja da aka manta a ƙarƙashin kujera. Tun safe nake kawar da ido daga kansa. Amma Sabina fa? Ta riga ta sayar da gadonta da kujeru, ta koma gidan mamanta tana jira. Kullum in ta kira sai ta ce, yaushe? In ce mata me? In ce na auna mai doro?

BABA WAHID: Sifana na hannunka?

SATI: Yana hannuna.

BABA WAHID: Hm.

SATI: Kar ka yi mini shiru, Baba, kati na tafiya.

BABA WAHID: Ina jiran in ji ko zan ji ƙarar noti.

SATI: Mtsss. Ba za ka ji ba. Na jefa shi cikin akwati. Da hannuna na ɗaure notin nan, ba zan iya ba. Ya zo ya zage ni, ya kira manaja, a yi abin da za a yi. Zan naɗe rumfar in ce masa...

BABA WAHID: Tsaya, kar ka naɗe. Taƙi biyun nan da ka ce, ka auna ne ko tsoro ne ya auna maka?

SATI: Ban auna ba, da ido na gani.

BABA WAHID: Jawo ta a hankali, ba da ƙarfi ba, daga tsakiya. Sa yatsunka tsakanin bakin tamfol da maɓallin firam. Nawa suka shiga?

SATI: Me wannan zai...

BABA WAHID: Yalla, sa mana!

SATI: Bari in maƙale wayar a kafaɗa. To... huɗu. Huɗu cif.

BABA WAHID: Huɗu! Ka ce mini taƙi biyu, ka sa gabana ya faɗi a banza! Gidaɗo, ka ji yaron nan?

SATI: Huɗu ko taƙi biyu, ai duk ba ta kai ba.

BABA WAHID: Koma baya. Wajen aljihun da sandar baya take shiga. Ka je?

SATI: Ina zuwa... na je.

BABA WAHID: Kafin aljihun akwai layin ɗinki da ya ratsa rumfar daga gefe zuwa gefe.

SATI: Na gan shi. Haɗin yadi ne.

BABA WAHID: Haka manaja ma ya ɗauka. Shiga ƙarƙashi ka ɗaga kai. Akwai wani ɗan leɓe da ya rufe layin. Ɗaga shi.

SATI: Na ɗaga... Baba, mene ne wannan? Yadi ne a ninke a ciki!

BABA WAHID: To.

SATI: Ka ce ka yanka daidai!

BABA WAHID: Na ce to. Kuma na ɗauki almakashi da niyyar in yanka daidai, Allah ya sani. Gaba na yi yadda kuka ce. Da na zo baya, hannuna ya ƙi.

SATI: Kai, Baba Wahid! Kai, tsohon nan! Ka bar ni ina ta kuka tun ɗazu?

BABA WAHID: Ka bar ni na yi magana? Kuma da taƙi biyu ne, me ninkina zai yi maka? Sai in sa maka rai a banza.

SATI: Nawa ka bari?

BABA WAHID: Kullum yatsa huɗu nake bari.

SATI: Huɗu! Daidai ke nan!

BABA WAHID: Nawa yatsun, ba naka ba. Naka kamar rogo suke.

SATI: Wayyo. To huɗunka ai uku ne nawa da ɗan abu. Baba, ba za ta kai ba!

BABA WAHID: Na ce kullum. Ranar nan raina a ɓace yake, mutumin nan ya gama yi mini ihu gaban yara. Sai na bar biyar.

SATI: Hahaha! Allah ya ƙara ɓata maka rai, Baba!

BABA WAHID: Amin, marar kunya. Yanzu saurara da kyau. Kar ka sa reza.

SATI: Na riga na ciro ta.

BABA WAHID: Mayar! Ka yanka tamfol ɗin nan, ni da kai ba mai iya gyarawa. Da hannu na yi ninkin, ɗinkin buhu ne. Ka taɓa buɗe buhun shinkafa?

SATI: Wane ne bai taɓa ba?

BABA WAHID: To haka yake. Farin zare ne. Nemi bakinsa a gefe, ka kwance ƙullin, ka ja, zai bi kansa har ƙarshe.

SATI: Na ga farin zare. Na ja... ya ƙi. Ƙara ƙullewa yake yi!

BABA WAHID: Wane gefen kake?

SATI: Na dama.

BABA WAHID: Damarka ko damar jirgi?

SATI: Wajen sitiyari!

BABA WAHID: A'a, ɗaya gefen! Daga inda na gama ake ja, ba daga inda na fara ba. Ashe a gidanku da wuƙa ake farka buhu.

SATI: Mamana ce ke buɗewa. Ina zuwa, bari in tsallake... kai, wayar ta kusa faɗawa ruwa. Halo? Kana nan?

BABA WAHID: Ina nan. Gidaɗo, rubuta Kumasi a kai da manyan baƙi, kar su kai mini shi Tamale.

SATI: Na samu bakin zaren. Ƙullin ya yi ƙanƙanta, farcena ba ya kama shi, hannuna duk gumi.

BABA WAHID: Sa haƙori.

SATI: Mmm... mm... ptu! Ya kwance.

BABA WAHID: Ja a hankali. Miƙe, kar ka karkata.

SATI: Yana zuwa... yana zuwa, Baba! Firrr, kamar zik! Ya tafi har can gefe! Yadi ya sauko!

BABA WAHID: Alhamdu lillahi. Naɗe zaren ka sa a aljihu, kar arbab ya gani ya tambaya. Layin allura ya fito a sama?

SATI: Ya fito, ƙananan huji a jere, da alamar ninki.

BABA WAHID: Jiƙa tsumma da ruwan sha, ba na teku ba, ka goga da bayan farce. Ranar nan za ta yi maka guga. Amma fara danna maɓallan tukuna. Daga tsakiya, ka bi gefe ɗaya, ka dawo ɗayan.

SATI: Baba, ga wata farar mota babba ta shigo get.

BABA WAHID: Duk Dubai farar mota babba ce. Danna!

SATI: Na jawo... ta kai! Ta kai har ta ɗan wuce! Ji. Ka ji?

BABA WAHID: Na ji ƙas.

SATI: Ga wani. Ga wani kuma. Kai, kamar a nan aka haife ta!

BABA WAHID: Kar ka yi rawa tukuna. Kusurwa ce mai gardama. In ta ƙi, ɗan saki igiyar baya.

SATI: Kusurwar dama ta shiga. Ta hagu... ta hagu... zo mana, 'yar albarka... ta shiga! Baba, ta zauna ɗas! Na girgiza firam, ko gezau!

BABA WAHID: To goge jinin yatsanka, ka sa rigarka a wando.

SATI: Su ne kuwa. Ga yaran can sun fito da gudu, ƙaramar ƙafarta ɗaya ba takalmi. Baba, matar nan ta waya ta fara magana, katina ya kusa ƙarewa. Ka ji ni da kyau. Gobe zan shiga ofishin manaja in gaya masa komai, in nuna masa zaren nan. Ba inda za ka. Gaya wa Gidaɗo ya farke kwalin nan!

BABA WAHID: Kar ka gaya masa komai. Ka samu bizarka, ka kawo matarka.

SATI: Amma ba gaskiya ba ne a ce ɓarna kake yi! In ya ji, da kansa zai kira ka!

BABA WAHID: Ko ya kira ba zan zauna ba, ɗana. Ba don shi zan tafi ba.

SATI: To don wa?

BABA WAHID: Ka taɓa tambayar kanka inda na koyi barin ƙarin nan? Da na baro Kumasi, Faridatu kanta bai kai teburin keke ba. Hutu kuwa kullum sai a ce baɗi. Kowace sallah ina ɗinka mata riga in ba masu tafiya, ban san inda tsawonta ya kai ba. In tambayi uwarta, ta ce ta girma. To yaya zan yanka daidai? Sai in ninke a ciki, in ce in ta ɗage a warware. Har hannuna ya saba, ko labule aka ba ni sai na bari.

SATI: Ban sani ba, Baba. Da na sani da ban yi wasan nan ba.

BABA WAHID: Ba komai. Makon jiya ta kira ni, ita da kanta, ba uwarta ba. Muryar ma ban gane ba da farko, ta zama ta manya. Ta ce, Baba, na warware ninki na ƙarshe, rigar ba ta rufe mini gwiwa ba. Kar ka ƙara aiko da ɗinki. Ka zo ka auna ni.

SATI: Allah sarki... Marhaba, arbab! Marhaba! Daƙiƙa ɗaya! Baba, jirginka ƙarfe nawa? Zan zo filin jirgi, ko Edwin ya riƙe mini aiki...

BABA WAHID: Je ka tari baƙonka. Tef ɗina kaɗai ban sa a kwali ba, yana nan a wuyana. Ina sauka, kafin in sha ruwa, zan kira ta tsakar gida in ce, Faridatu, miƙe tsa...

SATI: Halo? Baba? Baba Wahid! Halo?